RUMBUN ZAMANI DA GARARSA: GANE ALAMUN LALACEWAR NA'URORIN AJIYAR BAYANAI TUN DA WURI

Jawabin da aka gabatar a Taron Shekara-Shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ba ni wannan dama. Tsayawa a yi bayani a gaban waɗanda suka koya wa mutum riƙe alƙalami abu ne mai nauyi ƙwarai, saboda haka idan harshe ya karkace, ina roƙon malamaina su yi mini gyara irin ta da, amma ban da bulala.

GABATARWA

An nemi in yi magana a kan abin da ya shafi aikina, wato kula da kwamfutoci da bayanai a ma'aikatar da nake aiki. Na zaɓi in yi magana a kan na'urorin da ake ajiye bayanai a cikinsu: yadda suke lalacewa, yadda ake gane sun kama hanyar lalacewa, da abin da ya kamata a yi kafin a kai ga da-na-sani.

Wani zai ce wannan magana ce ta injiniyoyi. To, ina so kowa a wannan zaure ya tambayi kansa: ina takardar filinsa take, ina lissafin shagonsa, ina kundin digirinsa, ina hotunan mahaifansa da suka riga mu gidan gaskiya? Da yawa daga cikinmu amsar ita ce suna cikin kwamfuta, ko waya, ko wani ɗan filash da ke yawo a aljihu tare da makulli. Haka nan a ofisoshi, jerin albashi da lissafin fansho da sakamakon jarrabawa duk sun koma cikin waɗannan na'urori. Manomi ya san rumbunsa. Yakan zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya duba ko gara ta hau, domin ya san abincin shekara ne a ciki. Mu kuwa mun zuba abin da ya fi hatsi wuyar samu a rumbun da ba mu taɓa leƙawa ba.

Abin da nake so mu tafi da shi yau guda ɗaya ne mai reshe biyu. Kowace na'urar ajiya za ta mutu wata rana, kuma mafi yawansu sukan nuna alama kafin ranar, saboda haka wajibi ne mu koyi karanta alamar. Amma wasu ba sa nuna komai, saboda haka wajibi ne kuma mu ajiye kwafi a wani wuri dabam.

ME KE CIKIN AKWATIN?

Malamanmu da suka san zamanin garmaho za su fi mu saurin fahimtar faifan ajiya na kwamfuta, wanda masu gyara ke kira had-dis. A cikinsa akwai faya-fayai masu santsi da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko sau 7,200 a minti ɗaya. Akwai kuma wani hannu mai ɗauke da 'yar allura da ke rubutu da karatu a kansu. Bambancinsa da garmaho shi ne allurar ba ta taɓa faifan. Iskar da juyawar ke haifarwa ita ke ɗauke da ita, tana shawagi a tazarar da ba ta kai nanomita 10 ba, alhali kaurin gashin kai guda yakan kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Ke nan ƙwayar ƙura guda tamkar dutse ce a gabanta, kuma idan aka buge kwamfutar tana cikin aiki, allurar na iya faɗawa kan faifan ta kankare rubutun da ke wurin.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fitar da irin wannan na'ura a 1956. Tana da faya-fayai 50, kowane faɗinsa inci 24, kuma abin da take ɗauka bai wuce harafi miliyan 5 ba, wato hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani sun isa su cika ta. A yau faifan da bai fi tafin hannu ba yana ɗaukar terabayit 20 ko fiye. Wannan ci gaba ne babba, amma yana da nasa haɗarin: idan rumbu ya yi girma, asarar ranar da ya rushe ita ma takan yi girma.

An rarraba fuskar faifan zuwa ƙananan gurabe, kowane na ɗaukar bayit 512, ko 4,096 a na'urorin baya-bayan nan. Masana'anta kan ware wasu gurabe a matsayin safaya. Idan wani gurbi ya fara gardama, na'urar da kanta takan kwashe abin da ke cikinsa ta mayar a gurbin safaya, ta rufe wancan, mai kwamfuta bai ma sani ba. Ku riƙe wannan bayani, domin za mu dawo kansa.

ALAMUN DA IDO DA KUNNE KE KAMAWA

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Akwai alamomin da ba sai mutum ya je jami'a zai gane su ba.

Na farko shi ne ƙara. Faifai mai lafiya yana da ɗan gurnani mai laushi wanda kunne ya saba da shi. Idan aka fara jin ƙas-ƙas-ƙas a jere, ko ƙarar gogayya kamar ana wasa wuƙa, ko kuma a ji ya taso da juyi ya tsaya, ya sake tasowa, to allura ko injin juyawa ya sami matsala.

Na biyu shi ne nauyin jiki. Fayil ɗin da a da yake buɗewa nan take, yanzu sai an jira. Kwafe abu kaɗan sai ya ɗauki lokaci mai tsawo, ko ya kai wani wuri ya cije. Sau da yawa dalili shi ne na'urar tana ta maimaita karanta gurbin da ya lalace.

Na uku shi ne ɓatan abubuwa. Fayil ya ƙi buɗewa, hoto ya fito rabi, suna ya rikiɗe ya koma wasu alamomi marasa ma'ana, ko kuma kwamfuta ta riƙa neman ta binciki faifanta duk lokacin da aka kunna ta.

Na huɗu shi ne kwamfuta ta riƙa sandarewa ko mutuwa da kanta, ko wata rana ta ce ba ta ga faifan ba sam, a kashe a kunna ta gan shi. Gaskiya ne wasu daga cikin waɗannan alamomi na iya zuwa daga wata cuta dabam, kamar wayar haɗi da ta saki ko ƙwayar cutar kwamfuta, amma duk wanda ya gan su bai kamata ya kwana bai kwashe muhimman bayanansa ba.

An taɓa kirana wani ofishi, wanda ba sai na ambaci sunansa ba, inda kwamfutar da ke riƙe da lissafin haƙƙoƙin waɗanda suka yi ritaya ta ƙi tashi. Da na tambaya, sai magatakardan ya ce ai ta daɗe tana wannan ƙas-ƙas ɗin, in ta cije sai ya ɗan mare ta a gefe ta ci gaba. Ya rubuta takardar neman a sayo sabon faifai, takardar tana can tana jiran sa hannu. Kwafi kuwa babu ko ɗaya. Aka koma tattaro tsofaffin fayil-fayil na takarda ana sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya, dattawan da suka ba ƙasa ƙuruciyarsu suna ta sintiri a baranda, wasu daga ƙauyuka masu nisa, ana ce musu su dawo wata mai zuwa. Kuɗin faifan da aka ƙi saya bai kai kuɗin motar da waɗannan bayin Allah suka kashe ba.

NA'URAR DA KE AUNA LAFIYAR KANTA

Abin farin ciki shi ne ba sai an jira kunne ya ji ba. A 1992 kamfanin IBM ya fara sa wa wasu faya-fayansa dabarar lura da lafiyar kansu. Kamfanin Compaq, tare da wasu masu ƙera faifai irin su Seagate da Quantum da Conner, ya fito da tasa dabarar, kuma a 1995 ya miƙa ta domin ta zama ta kowa. Daga nan aka sami tsarin da ake kira SMART, wanda a yau kusan kowane faifai ke ɗauke da shi. Aikinsa kamar katin asibiti ne: na'urar tana rubuta awa nawa ta yi tana aiki, zafinta nawa, sau nawa ta kasa karanta wani gurbi, gurabe nawa ta mayar safaya.

Matsalar ita ce yawancinmu ba mu taɓa buɗe katin ba. Akwai manhajoji na kyauta da ke nuna shi. Mai amfani da Windows na iya sa CrystalDiskInfo, wadda ke nuna shuɗi idan lafiya, rawaya idan akwai abin lura, ja idan abu ya ɓaci. Masu Linux suna da smartmontools, kwamfutocin Apple kuma suna zuwa da Disk Utility. Dubawar ba ta cin minti biyu.

To, shin waɗannan alƙaluma abin dogaro ne? A watan Fabrairu na 2007 wasu injiniyoyin kamfanin Google su uku, Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber da Luiz André Barroso, suka gabatar da sakamakon nazarin da suka yi a kan faya-fayai fiye da 100,000 da kamfanin ke aiki da su. Sun gano cewa faifan da aka sami kuskure na farko a binciken fuskarsa, haɗarin mutuwarsa cikin kwana 60 ya ninka na lafiyayye sau 39. Wanda kuma ya fara mayar da gurbi safaya, haɗarinsa ya ninka fiye da sau 14. Ku lura, kuskure na farko aka ce. Ashe ba sai alƙalami ya kai ɗari ba. Tashinsa daga sifili zuwa ɗaya ma labari ne.

Wani kamfanin Amurka mai sana'ar ajiye wa mutane bayanai, Backblaze, yana wallafa alƙaluman faya-fayansa tun daga 2013. A shekarun baya-bayan nan abin da ke mutuwa a wurinsu a shekara yana tsakanin kashi 1 da kashi 2 cikin 100. Su lambobi biyar suke sa wa ido a cikin katin SMART, kuma yana da kyau mai alƙalami ya rubuta su: lamba 5, gurabun da aka mayar safaya, lamba 187, kurakuran da aka kasa gyarawa, lamba 188, umarnin da na'ura ta kasa cikawa a kan lokaci, lamba 197, gurabun da ake tuhuma ana jiran hukunci a kansu, da lamba 198, gurabun da suka ƙi karantuwa. A 2016 kamfanin ya bayyana cewa kashi 76.7 cikin 100 na faya-fayan da suka mutu sun nuna alama a ɗaya ko fiye daga cikin waɗannan biyar, alhali a cikin masu aiki lafiya kashi 4.2 ne kawai suka nuna. Ka ji Juma'ar da ake ganewa tun daga Laraba.

IYAKAR GARGAƊI

Sai dai kada mu saki jiki. Idan kashi 76.7 sun yi sallama kafin su tafi, saura kusan kashi 23 da suka fice ba ko sai-wata-rana. Nazarin Google ma ya fi wannan tsoratarwa: fiye da kashi 56 cikin 100 na faya-fayan da suka mutu ba su nuna komai ba a manyan alamomi huɗu da masu nazarin suka fi dogara da su, kuma kashi 36 ba su nuna alamar kuskure ko guda ba. Dalili a fili yake. Lalacewa iri biyu ce. Akwai mai zuwa sannu a hankali, kamar tsufan fuskar faifai ko sassaucin injin juyawa, wadda ake iya hangowa. Akwai kuma ta farat ɗaya, kamar wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona allon lantarkin na'urar, ko kwamfuta ta faɗo daga tebur. Wannan babu katin asibitin da zai faɗe ta.

Saboda haka ƙa'idar ita ce: idan SMART ya ce akwai matsala, a gaskata shi nan take. Idan ya ce lafiya lau, a gode masa, amma a ci gaba da yin kwafi.

SSD DA FILASH DA MEMORI

Yawancin sababbin kwamfutoci yanzu da SSD suke zuwa. Ita babu faifai mai juyawa a cikinta, babu allura. Ƙananan ɗakunan lantarki ne ke riƙe caji, iri ɗaya da abin da ke cikin filash da memorin waya. Ta fi sauri, ta fi jure faɗuwa, amma ita ma tana da ajalinta. Kowane ɗaki yana da iyakar yawan rubutu da gogewar da zai iya ɗauka, shi ya sa masana'anta ke rubuta jimillar terabayit ɗin da za a iya rubutawa a kanta, kuma manhajojin da na ambata suna nuna kashi nawa na ƙarfinta ya saura. Ita ba ta ƙas-ƙas. Wata idan ta gaji sai ta ƙi karɓar sabon rubutu amma ta bari a karanta, wanda wannan dama ce ta ƙarshe ta kwashe kaya. Wata kuwa sai dai a wayi gari kwamfuta ba ta ganinta.

Abu na biyu game da ita shi ne cajin da ke riƙe bayanan yana zurarewa a hankali idan an daɗe ba a sa mata wuta ba, kuma zafi na ƙara saurin zurarewar. Ma'aunin da masana'antu suka amince da shi ya ce SSD ta gida da ta cinye ƙarfin rubutunta ta iya riƙe bayani shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30. Ke nan wanda ya zuba hotunan aurensa a tsohon filash ya jefa cikin akwati yana nufin jikoki su gani, ya sake shawara.

Filash da memori galibi ba su da SMART, kuma kasuwa cike take da na jabu. Za a sayar maka da wanda aka rubuta gigabayit 128 alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai yi ta karɓar kaya, na baya yana taka na gaba, sai ranar buɗewa a ga wayam. Akwai manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika shi taf ta sake karantawa don ta tabbatar da gaskiyar girmansa. A gwada kafin a zuba abin kirki. Kuma a ɗauki filash a matsayin jakar kai saƙo, kada a mai da shi rumbu.

IDAN ALAMA TA BAYYANA

Matakin farko shi ne a daina duk wani aiki a kan na'urar, a kwashe abin da ya fi muhimmanci tukuna, sannan sauran su biyo baya. Faifai mara lafiya kowace awa ta aiki tana rage masa kwana, saboda haka ba lokacin kwafe fina-finai ba ne.

Mataki na biyu, kada a yi masa fomatin, kada a sake ɗora masa Windows, kada kuma a sa manhajar gyara ta yi ta sukuwa a kansa kafin a kwashe kaya. Ƙwararru sukan fara ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi, zuwa wani lafiyayye, sannan su yi aikin ceto a kan kwafin.

Mataki na uku, idan yana ƙara, a kashe shi. Kada a mare shi, kada a sa shi a firji kamar yadda wasu ke ba da shawara, domin raɓa za ta taru a ciki. Kada kuma a bari wani ya kwance shi a kan teburin kasuwa; ana buɗe faifai ne a ɗaki na musamman da aka tace iskarsa, kuma aikin yana da tsada, ba kuma kullum ake dacewa ba.

Mataki na huɗu, a canja shi. Faifan da ya fara cin safayarsa ba ya komawa sabo. Wanda kuma za a yar, a goge shi sarai ko a farfasa shi, don kada asirin jama'a ya faɗa hannun da bai dace ba.

KWAFIN KO-TA-KWANA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa da ake kira 3-2-1: kwafi 3 na duk abin da ke da muhimmanci, a kan na'urori iri 2, kuma 1 daga ciki ya kasance a wani gini dabam ko a ma'ajiyar intanet. Ni nakan ƙara cewa ɗaya ya zama a cire yake daga kwamfuta, saboda ƙwayar cutar nan mai garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa takan bi duk abin da ke haɗe ta kulle.

Manyan ofisoshi sukan yi amfani da tsarin RAID, wanda masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka bayyana a 1988. Ana haɗa faya-fayai da yawa ta yadda idan ɗaya ya mutu aiki ba zai tsaya ba. Tsari ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin kwafi, domin abin da aka goge bisa kuskure ya gogu a dukkansu, gobara kuma ba ta zaɓe. Bugu da ƙari, faya-fayan da aka saya rana ɗaya suna iya mutuwa tare. A 2019 kamfanin HPE ya gargaɗi abokan cinikinsa cewa wasu SSD ɗinsa, saboda kuskure a manhajar cikinsu, za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8, in ba a sabunta manhajar ba. Waɗanda aka kunna tare, tare za su tafi.

Sannan kwafin da ba a gwada ba, zato ne kawai. A 1998 wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya goge kusan kashi 90 cikin 100 na aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar. Da aka koma ga kwafin ajiya, sai aka tarar ya daɗe ba ya aiki yadda ya kamata. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ta haihu tana aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. Haka aka naɗe kwamfutar a bargo aka kawo ta ofis a mota. A watan Janairu na 2017 ma kamfanin GitLab ya goge bayanansa bisa kuskure, ya waiwayi hanyoyin ajiya biyar da ya tanada ya tarar babu wadda ta tsaya da ƙafarta yadda aka zata, ya yi asarar aikin kusan awa 6.

Wanda ya fi taɓa ni a matsayina na ma'aikacin gwamnati shi ne na Koriya ta Kudu. Ranar 26 ga Satumba, 2025, batir ya kama wuta a cibiyar adana bayanai ta gwamnati da ke birnin Daejeon, ɗaruruwan ayyukan gwamnati na intanet suka tsaya. Yawancinsu suna da kwafi. Amma ma'ajiyar da ake kira G-Drive, inda ma'aikata ke zuba takardun aikinsu, mai ɗauke da kimanin terabayit 858, ba ta da kwafi a wani wuri, wai saboda ta yi girma da yawa. Wannan ƙasa ce da ke kan gaba a duniya wajen ƙera irin waɗannan na'urori. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

YANAYINMU

Alƙaluman Google da Backblaze daga ɗakuna masu sanyi da tsayayyiyar wuta aka samo su. Namu na'urorin kuwa suna fama da abokan gaba uku. Akwai wutar lantarki mai zuwa da tafiya ba sallama, da canji daga wutar gari zuwa janareta. Ɗaukewar wuta ana cikin rubutu na ɓata fayil, dawowarta da ƙarfi na ƙona na'ura. Maganin wannan shi ne UPS da sitabilaiza, tare da tuna cewa batirin UPS ma yana tsufa. Akwai zafin bazara, lokacin da garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin kwamfutar da aka cusa a lungu. Akwai kuma ƙurar hunturu da ke toshe fanka da ƙofofin iska. A riƙa share su, a ɗaga kwamfuta daga ƙasa, kada kuma a ɗora laftof a kan katifa. Mai sayen kwamfuta ta hannu kuma ya buɗe katin SMART tun a shago, ya ga awa nawa faifan ya yi yana aiki kafin ya biya.

KAMMALAWA

Ranka ya daɗe Shugaban taro, zan rufe da shawarwari huɗu.

Ga kowane ɗayanmu: a ware rana ɗaya a wata a duba lafiyar faifai, a sabunta kwafi, a kuma buɗe fayil biyu ko uku daga cikin kwafin don a tabbatar suna buɗewa.

Ga 'yan'uwana da Allah ya ɗaukaka suka zama shugabannin sassa da daraktoci: idan takardar neman canja faifai ta zo teburinku, ku dube ta da idon gaggawa. Ku sa a rubuta sunan wanda alhakin yin kwafi ke wuyansa, da ranar da ya yi na ƙarshe. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin kare su daga ɓata ko lalacewa.

Ga makarantarmu: rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa dukiya ce da ba a sayo ta a kasuwa. Duk abin da aka shigar a kwamfuta a yi masa kwafi uku, kuma kada a yar da littattafan asali, domin takarda mai kyau da aka tsare daga gara da ruwa takan yi shekarun da babu faifan da zai yi.

Ga malamanmu masu koyar da kwamfuta: a koya wa ƙannenmu wannan tun suna aji ɗaya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.